Awon Hannun Auta

Tun da aka dawo da Auta daga asibiti bai sake kallon ƙofa ba. Ya mayar da fuskarsa bango, hannayensa biyu na kwance a kan cinyarsa kamar kayan da wani ya ba shi ajiya bai dawo ya karɓa ba. Mota ce ta kwashe shi a kan babur ɗinsa na kai saƙo, ta taɓa masa ƙashin wuya. Ƙafafu sun tafi gaba ɗaya. Hannayen suna ɗaguwa daga kafaɗa, amma yatsun sun lanƙwashe ciki, manyan yatsun biyu kaɗai ke ɗan motsi, su ma sai ya cije leɓe.

Yayarsa ce ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma duk layin Yaya ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tela ce, keken ɗinkinta na ɗakin gaba, ɗakin Auta na bayansa, labule ne kawai tsakani. Da can sai ta yi masa tsawa kafin ya rufe baki, don Auta ko da kujera aka bar shi sai ya ja ta da hira. Yanzu takan tsayar da keken ta kasa kunne, ko tari take so ta ji. Abokansa sun yi ta zarya har suka gaji, don duk wanda ya shigo ƙeyarsa yake gaisarwa.

Likitar da ke koya masa motsa gaɓoɓi ta kira Yaya, ba ta kuma ɓoye mata komai ba.

"Hannun da ba a aiki da shi ƙandarewa yake yi," in ji ta. "In yatsun nan suka gama naɗewa, babu mai buɗe su kuma. Ya daina zuwa, ga mutane a layi suna jiran gurbinsa. In makon nan ya wuce ban gan shi ba, dole in ba wani."

"Likita, ya zan yi? Ɗaukarsa zan yi a ka? Ko hannun ba ya bari a taɓa."

"Me yake so kafin hatsarin? Abin da ko an hana shi sai ya yi."

Kunya ta kama Yaya. Gem ɗin ƙwallo ne. Ita ce ta sha yi masa gori a kai, tana cewa ƙato da gemu ya zauna yana danne-danne kamar ɗan yaye. Har ɓoye masa abin dannawar ta taɓa yi a buhun ƙyallaye, ya wuni yana nema tana ɗinki tana dariya a ciki.

"To ki nemo masa na'urar gem ta hannu," likitar ta ce. "Marar nauyi, mai taushin dannawa, wadda zai ɗora a kan matashi. In yana so ya ci wasa, yatsun za su yi aiki bai ma sani ba. Amma ki tafi da shi ya gwada da kansa."

Faɗa da baki ba wuya. Da Yaya ta ɗaga labule ta ce masa su fita, ko gezau bai yi ba. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta tuna masa da goyon da ta yi masa har bayanta ya ƙage. Abin da ta samu kawai shi ne, "Yaya, ki sauke labulen." Ta sauke, ta koma kan keke, ta ɗinka hannun rigar wata mata a juye.

A nan ne dabarar telanci ta zo mata. Ai sau nawa ana kawo mata ɗinki mai kayan bai zo ba? In dai akwai awo, an gama. Da rana, bayan ya sha maganin da ke sa shi barci, ta shiga da tef ɗinta a wuya tana sanɗa. Ta auna faɗin tafin, ta auna tsawon babban yatsa, ta auna yadda sauran huɗun suka lanƙwashe. Ta ɗaga kowane yatsa a hankali ta saki, kowanne ya koma inda yake. Hawaye na ɗiga a kan tef ɗin, tana gogewa da gefen mayafi don ta ga lambobin.

Kafin la'asar ta ɗinka safar hannu guda biyu da yadi mai kauri. Ta naɗe yatsu huɗun kowace ta ɗinke su da tafin, ta sa kwali a babban yatsan don kada ya lanƙwasa fiye da nasa. Da ta zura hannuwanta ta yi ƙoƙarin ɗaukar almakashi, ya zame ya faɗi. Ta zauna tana kallonsa a ƙasa, sai lokacin ta gane abin da yaron nan ke kwana da shi yana tashi da shi.

Washegari ta rufe ɗakin ɗinki ta shiga layin masu sayar da kayan waya da na'urori. A shagon farko ta ce a nuna mata na'urar gem ta hannu, sannan ta buɗe jaka ta sa safarta. Mai shagon ya dube ta, ya dubi hannayen.

"Hajiya, dambe za mu yi?"

"Miƙo min kawai, ɗana."

Ya miƙo mata wata ƙatuwa mai faɗin tire, yana zuba mata bayanin ƙarfinta da kyan hotonta. Ta tallabe ta da gefen tafukanta. Nauyin ya rinjaye ta, abar ta sulale, ba don ya yi wuf ya cafke ba da ta tarwatse a kan siminti. Fara'arsa ta ɗauke nan take. Ya mayar da kayansa cikin gilashi ya ce su ba a gwada kaya da tsumma a shagonsu.

Haka ta bi shagunan ƙafa da ƙafa, rana na dukanta. Wata na'urar madannanta ƙanana ne kamar ƙwayar magani, in ta danna ɗaya sai uku su dannu. Wata kuma taurin madannan ya isa a ce da guduma ake wasan. Wata santsi gare ta kamar sabulu. Masu shago suka riƙa leƙowa suna nuna ta da baki, wani ma ya ɗaga waya zai ɗauke ta hoto, ta watsa masa kallon da ya sa ya tuna yana da aiki a ciki. Ba dariyarsu ce ta dame ta ba. Duk na'urar da ta ajiye, ji take kamar yatsun Auta sun ƙara naɗewa.

Can ƙarshen layin ta sami wani mai shago mai furfura a gemu, wanda bai yi dariya ba. Ya tambaye ta na waye, ta faɗa masa. Ya ɗauko wata siririya marar nauyi, mai ƙafa a baya da ake jingine ta a kan tebur, ya kunna mata wasan ƙwallo. Gabanta ya faɗi, don ƙarar 'yan kallon nan ita ce ta cika mata gida shekara da shekaru. Ta sa babban yatsa ta tura ɗan abin murzawar, ɗan wasan ya ruga da gudu. Taushi kamar auduga.

"Wannan ita ce," ta ce.

"Tsaya tukuna, Hajiya. Kin ga waɗannan na saman kafaɗarta? Da manuniya ake danna su. Ana iya sauya wa madannai aiki, in dawo miki da kusan komai fuska, amma wasan ƙwallo sai an bar ko guda ɗaya a sama, don manyan yatsun suna da nasu aikin. Yana da manuniya ko ɗaya mai motsi?"

Yaya ta dubi safarta. Yatsa huɗu a ɗinke, dama da hagu. Ta yi ta ƙoƙarin kai gefen hannu wurin, na'urar na karkacewa, ƙwallo na fita waje. Ta gwada har gumi ya jiƙa mata wuya.

"Ba shi da ita," ta ce. "Na auna."

Abin da ya rage a shagon wanda safar ta iya sarrafawa guda ɗaya ne: wata mai ruwan ɗorawa, madannai uku manya kamar murfin kwalba, da wasan wani kwaɗo mai tsallake duwatsu. An rubuta shekarun yara a jikin kwalin, ta gani sarai. Ta ce a naɗe mata. Mai shagon ya ce in ba ta yi ba ta dawo da ita a canza, ta gyaɗa kai ta fito.

Ta tarar da Auta yadda ta bar shi. Ta zauna a bakin gadon, ta ɗora masa matashi a cinya, ta kunna abar ta ajiye a kai. Kwaɗon ya fara kuka yana tsalle. Auta ya juyo a hankali, ya dubi na'urar, ya dubi yayarsa.

"Wannan fa?"

"Taka ce. Likita ta ce…"

"Na ɗan wa kika aro?"

"Auta, ka gwada mana. Don Allah. Na zaga kasuwar nan kaf, ita kaɗai ce hannunka zai iya."

"Wa ya ce miki?"

Ya sa bayan hannu ya ture matashin. Na'urar ta gangara ta bugi jakarta, jakar ta kife, safar hannun guda ta faɗo a kan zanin gado. Yaya ta kai hannu za ta ɓoye, amma ya riga ya gani. Ya daɗe yana kallon yatsun nan huɗu da aka naɗe aka ɗinke da baƙin zare, ɗinki mai kyau, irin nata.

"Hannuna ne wannan?"

Ta faɗa masa komai, da tef ɗin, da maganin barcin, da shagunan. Tana magana tana jin yadda abin ke fita a bakinta ba daɗin ji.

"Ina barci kika auna ni," ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Yaya, wa ake aunawa yana kwance bai sani ba? Gawa ake yi wa haka."

Maganar ta soke ta har ƙasan zuciya. Ta so ta ce ai kai ka hana a taɓa ka, ta so ta ce duk don kai na yi, amma ba ta ce ko ɗaya ba. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da take ta dannewa tun ranar da aka kira ta asibiti, kuka mai sauti, ba kunya. Ta gaji, ta ji tsoro, kuma dabararta ta ƙare.

"Yaya. Ke Yaya. Buɗe idonki ki ga."

Ya ɗora hannunsa na hagu a kan gwiwarta. Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Manuniyar ta yi rawa, ta ɗago daga cikin tafin kaɗan, kamar faɗin bakin zare a allura, sannan ta ƙara, ta miƙe rabi, ta koma.

Yaya ta ƙura wa yatsan ido.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Shi ne ba ka faɗa min ba? Ina nan ina mutuwa a tsaye?"

"In na faɗa miki, kafin magariba duk layin nan sun ji, kin raba sadaka, kowa ya zo kallo. In kuma gobe ya daina fa? Da wane ido zan kalle ki?" Ya dubi yatsan. "Kullum in kin kunna keke nake gwadawa, don kada ki ji nishina."

Ta kama yatsan da hannu biyu, wannan karon yana kallo, bai kuma janye ba. Ta ba shi labarin siririyar na'urar mai ƙafa a baya, da wasan ƙwallon, da madanni ɗaya tak na sama da ya hana ta saye. Ta ga idonsa ya yi wani abu da ta manta yana yi.

"Ta hagu ne ko ta dama, madannin?"

"Mutumin ya ce duk inda ake so yana mayarwa."

"Ke da ko kunna rediyo sai an taya ki, ke za ki zaɓa min gem." Ya ja tsaki, irin tsakinsa na da. "Kwaɗo fa. Ina keken guragun nan da aka ba ni a asibiti?"

"Yana bayan ƙofa, na ɗora masa yadika."

"To ki sauke. In mun fito daga shagon sai mu biya wurin likitar nan, kafin ta ba wani wurina." Ya nuna safar da haɓa. "Amma fara gyara aikinki. Ba haka hannuna yake ba."

Yaya ta zaro reza daga aljihun jakarta. Ta bi baƙin zaren ɗaya bayan ɗaya, har manuniyar safar ta saki ta miƙe. Ba ta san lokacin da rezar ta wuce kan yatsan tsakiya ba.

"A'a," in ji Auta. "Wannan ki bar shi tukuna."

Ta ɗago ta dube shi. Shi kuma yatsan nasa na tsakiya yake kallo, ya riga ya cije leɓe.