Ranar da Matan Tiga Suka Ƙi Hawa Mota

Hayaƙin banda bai gama lafawa ba babbar motar ƙaramar hukuma ta tsaya a bakin ruwan Tiga. Asabe, shugabar mata masu bandar kifi, ta ɗaga kai. Mijinta Idi ne direban, ya ƙi yarda su haɗa ido.

Uzairu, na hannun daman kantoman soja, ya diro da turamen atamfa.

"Iya Asabe, tara mana mata. Kano za mu, mu roƙi soja su zarce da mulki."

"Ɗan Zulaihat, abokiyar sana'armu, fa? Malamin makarantar nan da suka ɗauke bara don ya yi maganar albashi, ya dawo?"

"Ba wannan ya kawo ni ba."

"Mu kuwa shi ya zaunar da mu."

Ta koma kan kujerarta. Matan suka zazzauna, har da waɗanda suka riga suka miƙa hannu karɓar atamfa. Asabe ta san abincin gidanta a motar nan yake. Idi ya juya motar wayam.

*

Kashegari da hantsi sojoji suka zo. Suka rushe murahu, suka tattake kifi, suka jefa Asabe a bayan mota. Sai bayan girbin dawa aka sako ta, kunnenta na hagu ya mutu. Ta tarar an kori Idi, yana ƙodago a gonakin rani.

"Da kin hau motar nan, me zai ragu a jikinki?" in ji shi.

"Malam, da wane ido zan dubi Zulaihat?"

Ya ɗauki fartanya ya fita. Ɗan Zulaihat dai har yau shiru.

*

Da mulki ya koma hannun farar hula, matan suka rako ta Bebeji neman takarar kansila. Mai gadi ya tare ƙofar ofishin jam'iyya.

"Maza ne a ciki. Ku zauna gindin darbejiya, za a kira ku."

Suka zauna har azahar ta gota. Can lasifika ta ɗauko muryar Uzairu, wanda yanzu shi ne shugaban jam'iyya: "Mu da muka sha wuya a hannun soja..."

Asabe ta karkato da kunnen dama wajen Zulaihat.

"Me yake cewa? Sun kira mu?"

Zulaihat ta matso kusa da kunnenta.

"A'a, Yaya. Wai mata su yi guɗa."

Asabe ta gyara mayafinta, ta zuba wa rufaffiyar ƙofar ido. Can baya, wata ta rangaɗa.