Gidan Sauron Aina'u

Sama'ilu ya tare motar masu binciken sauro tun kafin ta gama tsayawa a ƙofar ɗakin shan maganin ƙauyensu, arewa da Bagwai. Kwana tara ke nan da binne 'yarsa Aina'u, mai shekara huɗu, kuma tambaya ɗaya ta hana shi sakat.

Bara mutanen nan sun zo ƙofar gidan dagaci. Suka ce ana sauya halittar sauro a ɗakin bincike, in ya haɗu da na gari sai zuri'arsu ta riƙa ƙarewa, suna neman yardar jama'a a gwada wata rana. Sama'ilu ne ya miƙe, bakinsa kuwa akwai kaifi. Ya ce wanda suke da shi ma ya ishe su, sai an ƙaro musu na bature? Aka bushe da dariya, taro ya watse. Wata guda ana kiransa Sarkin Sauro, yana amsawa da jin daɗi.

"Malama, ni ne wanda ya ɓata muku taro," ya ce wa Bara'atu, shugabar masu binciken.

"Na gane ka, Malam Sama'ilu. Lafiya dai?"

"Zazzaɓi ya ɗauke min yarinya. Don girman Allah ki gaya min gaskiya. Da na yi shiru ran nan, da tana nan?"

Ta ajiye jakarta. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ce. Wallahi ba maganarka ba ce. Ko duk garin sun yarda, ba mu da sauro ko ɗaya da za mu saki. Aikin da sauran shekaru."

Ya sauke doguwar ajiyar zuciya, idanunsa suka cika da ƙwalla.

"Shi ya sa muke ta roƙo a riƙe gidan sauro," ta ƙara da cewa, don ta kwantar masa da hankali. "Kafin sauron namu ya iso, shi ne abin da ke hannunmu. Kun dai samu a rabon bana ko?"

"Mun samu."

Da ya koma bai shiga ta zaure ba, sai ya zaga bayan gida. Ga fangalin irin tumatirinsa nan lulluɓe da shuɗin gidan sauro. Shi da kansa ya kwance shi daga gadon matarsa Turai da yarinyar, ranar da kaji suka tone masa iri. Turai ta yi magana, ya ce ai sati uku ne kacal kafin dashe, kuma kowa a unguwar haka yake yi.

Irin ya yi kore shar, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba. Bai taɓa ƙin jinin abin da ya shuka ba sai yau.

Ya yaye gidan sauron, ya kakkaɓe ƙasar, ya ninke, ya shiga da shi. Turai na tsakar gida tana tsintar wake. Ta dubi abin da ke hannunsa, ba ta miƙo nata ba.

"Mayar da shi, Malam," ta ce a hankali. "Kaji za su shiga."