Ƙugiyar Motar Malam Ba'ana

"Ba a bamba ake ɗaura ƙugiya ba, Malam Ba'ana. A ƙarfen gindin mota ake ɗaurawa."

Ƙafafu biyu kawai Pindar yake gani sun leƙo daga ƙarƙashin tsohuwar Fijo, ɗaya ma ba takalmi. Daga can ciki murya ta fito: "Injiniya, a waya na gani. Wani Bature minti goma ya yi ya gama."

Shekara talatin Pindar yana walda a Gamboru, ashirin daga ciki katanga ɗaya ce tsakaninsa da Ba'ana a Galtimari, amma bai taɓa cin tsohon hedimastan nan a gardama ba. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa yara kuskure da jan biro, wa ya isa ya gyara masa?

Niyyar dai kyakkyawa ce. Maƙabarta ta yi wa unguwar nisa, duk aka yi rasuwa sai a zauna jiran motar haya gawa na kwance. Shi ne Ba'ana ya sayo 'yar tirela mai taya biyu daidai tsawon makara, ya rantse da hannunsa zai kafa ƙugiyar da za ta ja ta, don ba zai raba ladan da kowa ba. Kwana huɗu yana fama. Ya ƙwarje gwiwa, ya ɓatar da sifana biyu na Pindar, inda noti ya ƙi shiga kuwa ya naɗe da waya.

"Ramin farko za ta tsinke," in ji Pindar. "Ku isa maƙabarta, mamaci yana can baya yana jiran keke."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Ba'ana, ya kuma yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar Talata da safe, bayan ya sha kununsa, Ba'ana ya ce wa matarsa Ya Gumsu bari ya ɗan kishingiɗa. Bai tashi ba. Kafin hantsi ƙofar gida ta cika, dattawa suka ce abu ɗaya ne ya dace: mai tirela shi zai fara hawanta.

Pindar ya san ramukan hanyar nan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma san wayar da ke riƙe da ƙugiyar. Idan ya faɗa, ya tona wa abokinsa asiri gawarsa ba ta bar gida ba. Idan ya yi shiru, makara za ta ƙare a kwata.

"Tayar baya ta yi sanyi," ya ce. "Bari in kai a ba ta iska."

Iskar nan ta ci rabin awa a shagonsa, da janareto da tartsatsin wuta. Yana walda yana zagin Baturen waya, hawaye na taruwa a cikin baƙin tabarau.

Shi ya ja motar. Ta faɗa ramin farko, ta faɗa na biyu, tirela na biye kamar ɗan akuya bayan uwarsa. A bakin maƙabarta liman ya dafa ƙugiyar ya girgiza, ko motsi ba ta yi ba.

"Malam Pindar, kai da ka sani, yaya ka ga aikin?"

Pindar ya ce, "Aikin marigayi ne. Ko ni sai haka."

Da la'asar ya je mayar da makullin motar. Ya Gumsu ta yi magana daga bayan labule, muryarta a dashe.

"Injiniya, iskar taya ce ta ƙona maka hannun riga?"

Pindar ya ajiye makullin a bakin ƙofa, ita kuwa ta ci gaba.

"Jiya ya ce mini, 'Gumsu, ƙarfen nan ba zai riƙe ko kaza ba. Amma rabu da Pindar, zai gyara. Kada dai ki gaya masa na faɗa.'"

Pindar ya fito ya tsaya gefen motar. Tabarmar da Ba'ana ke kwanciya a kai tana nan a ƙarƙashinta, duk baƙin mai, takalmin nan ɗaya yana kusa da taya. Ya sunkuya ya ɗauko shi, ya kaɗe masa ƙasa, ya ajiye a kan katangar da ke tsakaninsu.