Gahawar Mai Shaho

A ofishinmu tsuntsu ake yi wa fasfo. Da na faɗa wa abokan ɗakina a unguwar Muraƙƙabat cewa suka yi tsufa ya fara taɓa ni, amma gaskiya ce. Shahon farauta ba ya hawa jirgi ya bar wannan ƙasa ta Larabawa sai da fasfonsa, mai ɗauke da lambar zoben ƙafarsa. Ni nawa aikin a wurin zuba gahawa ne da miƙa dabino. Na daɗe ina yi, amma har yau in aka shigo da shaho sai in shagala da kallonsa.

Bilqis 'yar Kano ce, likitar dabbobi, a Sudan ta yi karatu. Ban da ni babu wani Bahaushe a ofishin sai ita. Tana makon ƙarshe na gwajin aiki, kuma shugabanmu, Ustaz Fahad, ya gaya mata ƙarara: ƙorafi ɗaya daga ɗan ƙasa, ba za a tabbatar da ita ba. Bizarta kuwa a jikin aikin take.

Ran Laraba da hantsi wani dattijo Balarabe ya shigo, Abu Haidar ake ce masa. A hannunsa na hagu akwai shaho fari fat, an rufe masa ido da 'yar hular fata mai tuntu. Ban taɓa ganin irinsa ba. Bai motsa ba, bai yi kuka ba, sai dai ƙirjinsa da ke hawa yana sauka a hankali kamar mai wuridi. Na tsaya da butar gahawa a hannu ina tunanin ƙasashen da ya gani daga sama, waɗanda ni ko sunansu ban sani ba.

"Baba Maharazu," in ji Bilqis a hankali, "ka tafi ke nan?"

"Ina nan, 'yata."

"Jikinka dai yana nan. Kawo butar. Ba kyau ina zaune kana yi wa baƙona hidima, da furfurarka."

Kafin in dawo hayyacina ta karɓe. Ta rusuna, ta cika wa dattijon finjali har baki, yadda ake cika wa babba kwanon fura a gida, ta miƙa masa da hannu biyu.

A nan ƙasar ba a cika finjali. Kaɗan ake zubawa, a ƙara, a sake ƙarawa, don baƙo ya daɗe a zaune. Cikakken finjali nufinsa ka sha ka tashi.

Abu Haidar ya dubi finjalin, ya ajiye shi a kan tebur bai kai baki ba, ya miƙe da shahonsa. Ustaz Fahad ya fito daga ɗakinsa na gilashi da sauri har mayafin kansa na zamewa.

"Ya ammi, baffana, lafiya?"

"Tambayi yarinyarka," in ji dattijon. "Ko gaisawa ba mu gama ba ta sallame ni."

Bilqis ta juyo gare ni ido waje. Na raɗa mata abin da ta yi. Na zata kuka za ta yi, sai ta fuskanci dattijon ta yi masa Larabcinta na Sudan.

"Baba, a garinmu in na ba tsaran mahaifina rabin ƙoƙo, kakata ba za ta ƙara kallona ba. Rabi na wanda ake yi wa rowa ne. Ban san naku ba, na ba ka namu. Ka yafe mini."

Dattijon ya juyo gare ta.

"Wane gari ne wannan?"

"Kano."

"Duk wanda ya zo cika masa kuke yi?"

"Har ya zube."

"To yaushe yake tafiya?"

"Ba ya tafiya, Baba. Wani ma kwana yake yi."

Sai ya yi dariya, kafaɗunsa na girgiza, shahon ya ɗan buɗe fiffike ya gyara tsayuwa. Ya koma ya zauna, ya ɗauki finjalin ya shanye tas, duk da zafinsa.

"Yalla, mu je, diktora, duba mini zoben."

Don a ga lafiyar idon tsuntsun sai an cire hular. Ya zare ta. Allahu Akbar. Ido ne baƙi wuluk, mai zurfi kamar tsohuwar rijiya, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya wuce mu, ya tsaya a kan taga inda sama take. Bilqis ta karanta lambar zoben.

Da dattijon ya tafi, Ustaz Fahad ya tsaya a bakin teburinta yana gyara mayafi.

"Diktora, ran Litinin ki zo a ɗauki hotonki na katin ma'aikata."

"Na gode, Ustaz."

"Amma butar nan ta Hajji Maharazu ce. Kar in ƙara ganinta a hannunki."

Ta miƙo mini ita. Da sauran ɗumi a jikinta, na wuce da ita teburin gaba.