Fuskar Ajimi a Shafi na Tara

Gumsu ce ta kawo labarin, ko takalmi babu a ƙafarta. Ta tarar da ƙaninta Mikail a zaure yana fiƙe fensir, ta jefa masa ɗan littafin a cinya.

"Sun tafi da Ajimi," in ji ta. "Masu gora. Da wannan suka zo a hannu, su dubi takarda su dubi fuskarsa. Ƙarfe huɗu motar masu kaki za ta zo ta kwashe su."

Mikail bai buɗe littafin ba. Shi ya zana shi, ya san abin da ke shafi na tara.

A da allon shaguna yake zanawa. Da aka shiga ƙona kasuwanni, babu mai son a san inda shagonsa yake, sai sana'ar ta mutu. Shekarar da aka katse layukan waya aka kulle gidajen kallo, matasan unguwar Bulabulin suka rasa abin yi tsakanin la'asar da dokar hana fita. Shi ne ya fara zana labarin wani jarumi, Kolo Mai Sanda, wanda ke fatattakar yaran daji, 'yan bindigar nan, da gora guda. Shafi goma sha biyu, fotokwafi, a ninke a danna masa fil. Kafin azahar an saye shi ya ƙare.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yabawa ba: Ajimi, mijin Gumsu, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin titi. Dama Ajimi babu abin da ke burge shi. Yana riƙe da ƙarfen dalma yana yanke wa duniya hukunci.

"Mawaƙan yanzu inji ke yi musu waƙa," yakan ce. "A ɗauke wuta ka ji akuya an take mata wutsiya." In aka kunna shirin nan na Indiya da ake fassarawa, sai ya nuna allon da sukundireba. "Wata shida matar nan tana kuka a falo, kwalliyarta ko gezau. Su zo Maiduguri a koya musu kuka."

Ranar da littafi na uku ya fito, a gaban mutane ya ɗaga shi da yatsa biyu.

"Mika, mutanenka duk fuska ɗaya, kamar ƙosan kasko guda. Jarumin da mugun gemu kawai ya raba su. Wannan aikin ko ɗan firamare ya yi shi sai an zane shi."

Aka kwashe da dariya. Tsakanin mijin ya da ƙanin mata wasa ne, kowa ya sani, amma maganar ta zauna wa Mikail a wuya. Sati biyu yana zama a bakin titi yana satar fuskoki: mai shayi, mai kurar ruwan da ke wucewa da safe, duk wanda ya tsaya minti biyu. Babban mugun littafi na huɗu kuwa, wani ɗan leƙen asiri da ke kai wa yaran daji sunayen mutane, shi ya ajiye wa Ajimi. Wushiryar, tabon da ya raba girar hagu, tabarau ɗaure da wayar tagulla, sukundireba a bayan kunne. Ya zana shi yana ɓoye wayoyi a cikin bayan talabijin. Yana gamawa ya yi dariya shi kaɗai, yana jiran ya ga idon Ajimi.

"Wasa ne, Ya Gumsu," ya ce.

"Je ka faɗa musu. Ni 'ya'ya huɗu na baro a gida suna tambaya."

Ƙarfe biyu ta wuce. Ya cusa fensir da takarda a aljihu don hannunsa ya saba, ya fita da gudu. Ya bi ta gaban shagon Ajimi, ya ga ƙofar a ɓalle, an watso kaya waje. Maƙwabta suna cikin shagunansu, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

A tsohuwar firamaren unguwa masu gora suke zama. Yara talatin ko fi, wasu da adda, wasu da layu har gwiwar hannu. Suna ganinsa suka buɗe masa hanya.

"Mai zane ya iso. Malam, aikinka ya yi kyau."

Wani ya kama hannunsa ya girgiza. A aljihun kusan kowa akwai littafin a naɗe.

Shugabansu Kashim yana zaune a ofishin hedimasta. A da mahauci ne, har ranar da aka harbe wansa a kan tabarmar salla. Tun daga nan ba a ƙara ganin haƙoransa ba. A kan tebur an baje abin da aka kwaso daga shagon: batura, tsofaffin wayoyin hannu, rimot guda tara, curin wayoyi ja da baƙi.

"Wushe, malam mai zane. Zauna." Kashim ya tura masa kujera da ƙafa. "Na daɗe ina son in gode maka. Waƙoƙin da ake yi mana a rediyo, kirari ne na masu neman abinci. Talabijin kuma ƙarya tsagwaronta, kullum an ce lafiya lau, mu muna binne mutane. Littafinka kaɗai ke faɗin gaskiya a garin nan."

"Shugaba, ƙirƙira ce. Daga kaina nake fito da shi."

"Shagon da aka ƙona a na biyu, ba na Alhajin da ke kan kwana ba ne?"

"Shi ne, amma..."

"Liman da aka bi har gida a na uku fa? Mun yi jana'izarsa ko ba mu yi ba?"

"Kowa ya san waɗannan. Ajimi mijin yayata ne. Ya ce ban iya fuska ba, na zana shi don in rama. Iyakar laifinsa ke nan, baki gare shi."

Kashim ya ɗauki rimot ɗaya ya jujjuya. "Na gane. Ka ji tsoron faɗa da baki, ka faɗa da fensir. Yanzu 'yar'uwarka ta yi kuka, kana so ka janye. Dubi tebur. Abin da ka zana shi muka tarar."

"Mai gyaran rediyo ne. Me za ku tarar, tumatir?"

Yaron da ke gadin ƙofa ya yi dariya, ya haɗiye ta da Kashim ya ɗago ido.

Ta taga Mikail ya hango ajin da ke kallon ofis. Mutum bakwai a zaune a ƙasa, an ɗaure musu hannu da tsumman rigunansu. Ajimi na gefe, babu tabarau, leɓensa ya kumbura. Wanda motar nan ta ɗauka, iyalinsa sukan yi shekara suna kai abinci ƙofar da ba a taɓa ce musu yana ciki ba. Agogon bango ya nuna uku da kwata.

Mikail ya yi rantsuwa, Kashim ya ce kowa na rantsuwa a ɗakin nan. Ya ce a kira liman, Kashim ya ce wanne, na da ko na yanzu da ya gudu. Sai hannun Mikail ya shiga aljihu.

"Ba ni minti uku, shugaba. Ka ce wa yaron nan ya ja ƙofa."

Ya ɗora takarda a gwiwa. Fensir ya shiga gudu. Rawanin yaran daji, bindiga a kafaɗa, tuta a baya. Sannan fuska: faffaɗan goshi, kunnen dama da ya tsage a gefe, zanen gado a kumatu, ɗan yatsan da wuƙar fawa ta gutsure. Ya juya takardar ya ajiye a kan baturan.

Kashim ya dubi kansa a zanen yana yanka wani mutum a bakin rijiya.

A waje ana jin yaran suna gardama a kan ko Kolo zai iya da mutum goma.

"Kowa zan iya sawa a wurin," in ji Mikail. "Kai, ni, limamin unguwar Shehuri. Minti uku ne. Ka ga, ba shaida ba ce."

Kashim ya daɗe yana kallo. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga. Mikail ya ga lokacin da maganar ta shige shi, ya kuma ga abin da ya biyo bayanta. In takardar nan ta faɗa hannun yaran da ke waje, ba za su tambayi shugabansu komai ba, kamar yadda shi bai tambayi Ajimi ba.

Ya ƙyasta ashana ya riƙe takardar har wuta ta taɓa yatsunsa, ya murje tokar da takalmi.

"Na yarda," ya ce a hankali. "Mutuminka zai koma gida. Zan ce kuskure ne." Ya miƙe ya ɗauko gorarsa daga jikin bango. "Amma ka ga, malam, ba zan kwana a unguwa ɗaya da hannun nan ba. Yau wasa da suruki, gobe fushi da ni. Ko ka hau motar a madadinsa, ko ka ɗora hannun a kan tebur. Zaɓi."

Mikail ya dubi agogo. Huɗu saura ashirin. Ya ture rimot da batura gefe, ya shimfiɗa hannun damansa, ya juyar da kai wajen allon da aka rubuta sunayen tsofaffin hedimastoci.

Sau uku gorar ta sauka. A na farko ya ji ƙarar, a na biyu ya ji kansa yana kiran uwarsa, na ukun bai san da shi ba.

Da ya dawo hayyacinsa yana zaune a barandar makaranta, an naɗe hannun da hularsa. Ajimi ne a gefensa, yana tallafe da gwiwar hannun, yana kanne ido don babu tabarau.

"Sun nuna min shafin kafin su fara dukana," in ji Ajimi. Maganar na fita da ƙyar ta kumburarren leɓe. "Ya yi kama, Mika. Wallahi ya yi kama. Kunnen ne ka ɗan ƙara wa girma."

Mikail ya so ya yi dariya, abin ya fito wani iri.

Motar ta shigo ta tsaya a tsakiyar fili, injin bai mutu ba. Aka fito da mutum shidan a jere. Na huɗunsu wani dogo ne siriri, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda turin kura, da ƙari kamar goro a ƙasan kunnensa. Mikail ya san ƙarin nan. Rabin sa'a ya ɓata yana gyara inuwarsa, a shafi na goma, inda yaran mugun ke ɗauke da jarkokin fetur.

"Wancan," ya ce. "Ya Ajimi, wancan mai ruwa ne. Wucewa kawai yake yi da safe."

"Na sani. Sa'id sunansa. Tun ɗazu yake tambayata laifinsa."

Mikail ya yunƙura zai tashi. Daga ƙofar ofis Kashim na tsaye yana kallonsa, gora a kafaɗa. Ajimi ya danne shi da duk ƙarfin da ya rage masa.

"Zauna. Hannu ɗaya ya rage maka, kuma ba ya zane."

Aka tura Sa'id cikin motar. Takalmin robarsa guda ya faɗo ƙasa, ya leƙo yana roƙon a miƙo masa. Aka ja tamfol aka rufe.