Ruwan da Ya Ƙi Hawa Benen Attahiru

Attahiru dillalin albasa ne a Madawa. Shekarar da albasa ta yi albarka ya ɗora bene a kan gidansa, ya sa aka yi masa wurin wanka a sama, aka shimfiɗa farin karo, wato tayil, aka kafa dush mai zubo ruwa daga bisa.

Ranar farko ya shafa sabulu har cikin kunne, ya murɗa robine, wato kan famfo. Ruwa ya ɗigo sau uku ya yi shiru. Ya tsaya yana kallon sama har kumfa ta bushe masa a jiki, sannan ya ƙwala wa matarsa Furera kira ta hawo da bokiti. A tsakar gida kuwa famfo na zuba har yana fantsama.

Ya kira Zakariya'u mai gyaran famfo. Zakariya'u ya zo a kan moto, ya ɗaga kai ya dubi benen, ya ce ruwan gari ba shi da ƙarfin hawa, sai an ɗora tanki a kan rufi. Aka ɗora. Tankin ya yini bai kai rabi ba. Zakariya'u ya dawo ya ce tiyo ne ya yi siriri, aka sa mai kauri. Ya kwance kan dush ya kakkaɓe yashi. Ɗigon ya ƙaru zuwa biyar.

Zakariya'u ya yi zuwa na uku. Ya kama tiyon tun daga bakin ƙofa yana bin sa da hannu, Attahiru na biye, har bayan ɗakin Malam Maigari, mahaifin Furera, wanda ya zo daga Sabon Gida neman maganin ido ya zarce da zama. Nan suka tarar da makullin ruwa a murɗe, an ɗaure shi tamau da tsumma. Tsohon na zaune kan buzunsa yana jan tasbaha.

"Baba, wa ya ɗaure wanga?" in ji Zakariya'u.

"Ni na."

"Don mi?"

"Ɗakina yana ƙarƙashin wurin wankansu. Shekara saba'in da shidda ba a taɓa wanka bisa kaina ba." Ya ja ƙwaya biyu. "Kuma ban rufe duka ba. Na bar musu na alwala."

Attahiru ya buɗe baki, ya tuna suruki ne, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

Furera ce ta raba gardamar. Ta share ɗakin da ke kusa da zaure, ta kai buzun can. Malam Maigari ya shiga, ya zunguri rufin da sandarsa, ya tambayi abin da ke sama. Aka ce babu komai. Ya ce to, a kwance tsumman.

Ruwa ya zo a dush da ƙarfin da sai da Attahiru ya dafa bango.

Bayan kwana huɗu tsohon ya ce a kai shi ya ga abin. Aka riƙe shi ya hau mataki ɗaya-ɗaya, ya murɗa robine da kansa, hularsa ta jiƙe sharkaf. Ya daɗe yana kallo, ya ce ɓarna ce.

Tun daga nan kowace Juma'a can yake wanka. Attahiru kan zauna a kan matakala da tawul a wuya, yana jira ya gama.