Wanda Hajiya Sauda Ba Ta Kallo

Shekara ashirin da takwas Baba Issaka ya yi yana gadin Ƙofar Ɓoye a Parakou, amma in ka gan shi yanzu a bakin tashar Djougou ya tasa tiren goro a gaba, ba za ka ce ya taɓa gadin ko akurkin kaji ba. Gajere ne, siriri, ga wata hula da ta ga duniya. Ko a zamanin aikin ma haka yake. Abokan aikinsa su ne masu ƙirji da tsawa, shi kuwa kujerarsa yake ja gefe ya zauna yana kallon mutane, har aka sa masa suna mai gyangyaɗi.

Ƙofar tana bayan rumfunan masu doya, ba wanda bai san ta ba a Parakou. Ta nan 'yan kasuwa ke shiga garin mutanen ɓoye su kai gishiri da kanwa, su sayo turaren da ba ya barin riga. Ƙa'idar ɗaya ce: kada ka wuce kwana bakwai. Wanda ya wuce, ƙofa kan riƙe inuwarsa, ya fito yana tafiya cikin rana ba komai a ƙasa. Inuwar ba ta dawowa sai wadda ta haife shi, ko wadda ta goya shi, ta dafa shi ta kira sunansa kafin rana ta faɗi a kwana na uku. In ba a yi ba ƙofa ta janye shi, ba a ƙara ganinsa. Inda abin ke da wuya shi ne wani lokaci mutum biyu ke fitowa. A cikin mutanen can akwai masu kwaɗayin duniyarmu, duk da zafinta da tsadar masara, sai ɗayansu ya ɗauki kamannin baƙo ya biyo shi. Kira kuwa sau ɗaya ake yi, wanda aka dafa shi ke da inuwa.

Wata Laraba da hantsi wata mata ta sauko daga motar Parakou ta durƙusa gaban tiren. Rauda ce, 'yar Hajiya Sauda mai atamfa ta unguwar Kpébié. Yayanta Habou ya shiga ƙofar shekara tara da suka wuce, ranar Litinin ya fito, kuma su biyu suka fito.

"Baba, shef Nafi'u, shugaban masu gadin ƙofar na yanzu, ya riga ya zaɓa," in ji ta. "Tambaya arba'in ya yi musu a kaye, littafinsa na rubutu. Ɗaya ya ci duka, ɗaya ya faɗi sha uku, har sunan malaminsa na lekwal, makarantar boko, ya manta. Yau da la'asar Inna za ta yi kira."

"To me ya kawo ki Djougou, 'yar nan?"

Ta shiga wasa da bakin mayafinta. "Wanda aka zaɓa ya cika kirki, Baba. Jiya har tambayata ya yi ko na gaji. Yayana bai taɓa tambayata ko na gaji ba."

Issaka ya yi dariya har ya ƙware. Sannan ya yayyafa wa goro ruwa, ya rufe da buhu, ya bar wa maƙwabcinsa mai shayi amana, suka shiga mota.

Azahar ta yi suka isa. Gidan ya cika da dangi, ga liman, ga shef Nafi'u cikin kaki mai guga da masu gadi biyu a bayansa. Ba wanda ya ce wa tsoho ya shigo ciki, shi ma bai nema ba. Ya cire takalmi ya zauna a zaure, inda ya tarar da mutum ɗaya jingine da bango ya haɗa kai da gwiwa. Wannan shi ne Haboun da ya faɗi jarrabawa. Suka gaisa a taƙaice.

Daga inda yake yana hango tsakar gida. Ɗaya Haboun na zaune a tabarma ɗaya da Hajiya, ya ɗora ƙafarta a cinyarsa yana matsa mata. Fuska iri ɗaya, furfurar gemu iri ɗaya, har tabon da ke gefen gira. Hajiya na kallonsa tana ba shi labarin waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa, tana dariya. Habou kuwa ɗan fari ne. Kamar yawancin matan zamaninta, tunda ta haife shi ba a taɓa jin ta faɗi sunansa ba, ba ta taɓa zama kusa da shi a gaban mutane ba. In magana ta kama sai ta ce "wancan". Dangi na ta share hawaye suna cewa kewa ce ta karya kunya, shekara tara ba wasa ba.

Aka sauke sakwara da miyar gyaɗa. Hajiya ta ƙi a taya ta, ita ta zuba da hannunta. Ta ajiye wa na kusa da ita kwano da nama uku reras a sama, ta ce, "Ga naka." Ɗaya kwanon ta tura gefe ba tare da ta juya ba. "Rauda, miƙa wa wancan na zaure."

Kwanon ya iso, malmala biyu da miya, ba ko ƙashi. Ɗaya daga cikin masu gadin ya leƙa ya taɓe baki. "Ka gani ko, nama ma ba a ba shi ba."

"Bismilla, Baba," in ji na zauren. Suka wanke hannu. Bai ko dubi kwanon ba ya sa yatsu ƙarƙashin malmala ya zaro tsoka, ya raba biyu ya tura wa tsoho rabi. Akwai hanta ma a ƙasan ɗayar.

"Ka san yana nan ke nan," in ji Issaka.

"Tun ina yaro nan take sa min." Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin gishiri, ya ci gaba da cin abincinsa.

Issaka ya ajiye lomar da ke hannunsa. Tsoro ne ya kama shi, tsoro sosai. Sau biyar ya ga an fito biyu a zamaninsa. A na ƙarshen ya ga wani abu, amma shef na lokacin ya rantse ya gano gaskiya, shi kuma ya ja bakinsa ya yi shiru don kada a ce mai gyangyaɗi ya fiye shisshigi. Har yau bai san wa uwar da ta yi kiran, wata tsohuwa a unguwar Ganou, take ciyarwa ba. Ya suɗe hannu, ya tashi ya sami shef.

Nafi'u ba mugu ba ne, yaro ne mai son aikinsa wanda ya yarda da duk abin da aka rubuta. "Bon, to Baba, da girmanka, amma zamanin duba da ido ya wuce. Arba'in bisa arba'in ne fa. Kuma dubi uwar da kanka. Wa take kallo?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Izini kawai nake nema in gaida Hajiya."

Ya same ta a bayan ɗakin girki tana alwala. Ya tsuguna nesa kaɗan, suka gaisa, ya yi mata barka da arziki. Sannan ya ce, "Hajiya, wa kika ɓoye wa nama?"

Butar ta tsaya a hannunta. Ta ce, "Hannuna ne ya yi, Malam Issaka. Ban sa shi ba."

"Kallon fa? Tun ɗazu ban ga kin juya wajen zaure ba."

"Wuyana ne ya ƙi." Ta ajiye butar. "Sun ce wannan ne, suna da takarda, ni kuma idona ya yi rauni. Kwana uku ke nan yana zama kusa da ni. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ƙare wa fuskar yaron nan kallo ba sai yanzu. Ashe haka idanunsa suke."

Tausayinta ya kama shi har ya so ya yi shiru, amma bai yi ba. "Mutanen can, in sun ɗauki kamannin mutum, suna ɗaukar abin da ke kansa duka, shi ya sa ba sa mantuwa. Mu ne masu mantuwa. Suna kuma ɗaukar abin da ke zuciyarsa. Wannan matsa ƙafa da zama kusa, abin da na zaure yake so ya yi ne tun yana yaro, bai samu hanya ba. Ke kuma kin iya kallon wannan ne don irin kunyar da kike yi ba a yi wa ɗan wani." Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. "Ni dai tsohon mai gadi ne, zan iya kuskure. Hannunki ne zai dafa."

Bayan sallar la'asar aka tsayar da su biyun a tsakiyar gida. Rana ta karkata, randa da turmi da igiyar shanya duk sun shimfiɗa inuwa, su kaɗai ne ƙasansu fayau. Issaka ya raɓe jikin bango ta wajen na zauren, inda ba ya tare wa kowa. Liman ya yi addu'a, shef ya nuna wa Hajiya na hannun dama.

Ta taka a hankali ta tsaya gabansa. Yana mata murmushi. Ta kalle shi, ta daɗe tana kallo, kamar mai son ta haddace. "Ka yi min kirki," in ji ta. "Allah ya saka maka." Ta wuce.

Shef ya buɗe baki, liman ya dafa hannunsa. Hajiya ta isa wajen ɗayan, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juyar da kai ga bango. Da baya-baya ta miƙa hannu tana laluba har ta sami kafaɗarsa. Leɓenta ya motsa. Inuwa ta zubo daga ƙarƙashin ƙafafunsa, ta miƙe har gindin randa.

Ɗayan bai yi gardama ba. Ya russuna ya gaishe ta, ya sa takalminsa, masu gadi suka raka shi ƙofa. Shef ya rufe kayensa ya bi su, bai dubi kowa ba. Hajiya kuwa ɗaki ta shige ta saki labule, duk guɗar da mata ke yi ba ta fito ba.

Habou ne ya raka Issaka tasha, ya ƙi a hau zem, wato babur ɗin haya, ya ce yana so ya taka. Yana tafe yana duban ƙasa. Sai da suka kusa isa ya tsaya.

"Baba, kana kusa. Ta faɗa kuwa?"

"Ga inuwarka nan."

"Ban ji ba. Jinina ne ke bugawa a kunne, ban ji komai ba." Ya share ido da bakin riga, mutum mai furfura a gemu. "Kuma na san ba za ta sake ba. Yaya ta faɗe shi?"

Issaka ya yi tunani, don ba ya son ya ƙara ko ya rage. Ya sha jin iyaye mata suna kiran ɗan fari a gaban ƙofa. Sunan kan maƙale musu, su yi in'ina, wata sai ta gwada sau uku kafin ya fito.

"Bai yi mata nauyi a baki ba," ya ce. "Ko kaɗan ba ta yi tuntuɓe ba. Ba yau ta fara faɗarsa ba, Habou. Ba a gabanka take yi ba ne kawai."